Ranar da Aka Auna Allon Baba

Masu turo min saƙo kuna cewa in daina jan rai in faɗa muku ko Baba ya yarda ko bai yarda ba, don Allah ku yi haƙuri. Ni ma da nake cikin gidan, a ɗarare nake kwana. Abin da ya faru ranar Laraba zan ba ku tiryan-tiryan, sai ku yanke hukunci da kanku.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, ni 'yar mai hoto ce. Shekara talatin da ɗaya Babana yana rataye da kyamara. Shagonmu ɗaki biyu ne a jikin gidanmu. A na gaba ake ɗaukar hoto, da labule mai zanen bakin teku, da kujera mai hannu, da furen roba wanda ya girme ni. Na ciki ɗan ƙuƙut ne: tebur, kwamfuta, taga ɗaya. Ni ke tarbar baƙi, in gyara wa mata zaman mayafi, in sa yara dariya, in tura hotuna wurin wanki. Amma gyaran launi a kwamfuta, wannan Baba ne kaɗai. "Hannu kowa yana da shi," in ji shi, "ido shi ne jari."

Ba mu da injin wanke manyan hotuna, sai mu tura wani shago can bayan tashar mota. A nan na san shi, saurayin nawa. A wayata sunansa "Wankin Hoto 2", na ɗayan maigidansa ne. Kada ku yi min dariya. A gidan da Gwaggo take iya ɗaukar wayar mutum ta ce lokaci za ta duba, dole a yi dabara. Abokan aikinsa Injiniya suke ce masa, ba don ya yi karatun ba, sai don ba ya iya ganin abu ya lalace ya wuce. Siriri ne, maganarsa ƙasa-ƙasa, in ya ɗauki hoto da gefen yatsu yake riƙewa kamar ƙwai. Abin da ya fara sace min zuciya wata 'yar takarda ce da na tsinta cikin ambulan ɗin hotuna: "Na sake wanke na uku, wani ɗan zare ya hau kuncin jaririyar." Ba wanda ya sa shi. Ba wanda ma zai lura.

To, wata huɗu ke nan hotunanmu suna dawowa da duhu. A allon kwamfutar Baba fuska tas, kamar an wanke ta da madara. A takarda kuwa sai ka rantse mutum a cikin rijiya aka ɗauke shi. Wasu su karɓa da tsaki, wasu su karɓa shiru, amma ba su ƙara dawowa. Baba ya ce masu wanki ne. Wa ke kan injin a can? Injiniya.

Abin ya kai maƙura ranar da Malama ta zo. Malama ita ta koyar da ni a aji uku, yanzu ta yi ritaya. Mijinta mai gyaran agogo ne, abokin Baba tun suna samari, bara Allah ya yi masa rasuwa. Ta roƙi Baba ya faɗaɗa mata hoton ƙarshe da ya ɗauke shi, yana zaune a kujerar nan tamu cikin farar riga, tana son ta rataye a falo. Na zare hoton daga ambulan na miƙa mata. Ta daɗe tana kallo. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar.

"Mai Hoto," ta ce a hankali, "wannan ba shi ba ne."

"Shi ne mana, Malama. Duhu ne ya ɗan yi yawa, masu wankin nan..."

"Ba duhun kaɗai ba. Kun mayar min da shi toka-toka. Dubi rigar, kamar an tsoma ta a shuni. Ni na wanke masa rigar nan da hannuna ranar, fara ce sol." Muryarta ta karye. "Haka fuskarsa ta koma a asibiti. Ba haka nake son in riƙa ganinsa ba."

Ta ajiye hoton a kan kantar shagon, ba faɗa ba zagi, ta fita. Da ma faɗan ta yi, da ya fi sauƙi. Baba ya tsaya yana kallon ƙofa.

Ku ji rashin sa'a. A wannan makon ne na roƙi Inna ta faɗa wa Baba cewa Injiniya yana son ya zo ya gaishe shi.

Da yamma muna tsakar gida, Inna tana ninke wanki, Gwaggo ta shigo da jakarta a hammata. Gwaggo yayar Baba ce, gidanta yana layin bayanmu, amma rabin rayuwarta a namu take yi. Ko zama ba ta gama yi ba ta fara.

"Ke, shekarunki nawa yanzu? Ashirin da shida? Sa'o'inki suna kai yara makaranta, ke kina nan kina cewa 'yi murmushi, ɗaga haɓa'. Har yaushe?"

"Yaya, ai ta samu," in ji Inna, tana satar kallon Baba. "Yaron wurin wankin hoto."

Baba ya ajiye kofin shayinsa. Ya ajiye shi a gefen faranti, har ya kusa tuntsurewa.

"Wanda ya kasa riƙe amanar takarda, shi zan ba amanar mutum?"

"Baba..."

"Uwata, ki yi shiru." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci, kuma bai taɓa faɗar sunan da kaushi irin na ranar ba. "Shekara talatin da ɗaya ba a taɓa ajiye min hoto a kan kanta an fita ba. Yau an yi. Matar abokina. Kowa ki kawo min, ko mai tura baro ne, in dai ya san aikinsa. Ban da wannan."

Gwaggo ta tafa hannu. "To fa! Ga miji har ƙofa, an ce a tsaya sai an ga takarda."

Na shige ɗaki na rufe ƙofa, na jawo waya na rubuta wa Injiniya.

"Baba ya ce a'a. Saboda hoton Malama."

Ya amsa: "Na ga hoton kafin in wanke. Na so in kira ki, na ji nauyi. Abin da aka turo min shi na fitar, ban taɓa komai ba."

"Kana nufin Baba ne bai iya ba?"

"Ni na isa? Tsofaffin hotunansa suna jikin bangonmu, da su ake koya wa sababbin ma'aikata yadda fatar mutum take. Allon nake zargi. Gobe ki danna maɓallin da ke ƙasan allon, ki duba hasken yana kan nawa."

Washegari da Baba ya fita sayen batir na lallaɓa ɗakin ciki. Na danna. Ɗari. Iyakarsa ke nan, ba gaba.

"Ɗari," na rubuta masa.

"Shi ya sa. In allo ya cika haske, mai gyara zai ga hoton ya yi fari da yawa, sai ya rage. Takarda kuwa ba ta da fitila a bayanta. Sai ya fito da duhu."

Na mayar da shi hamsin na fita abina, ina murna na gano bakin zaren. Da rana na leƙa da ruwan sha, na tarar ya koma ɗari. Baba ya saki labulen taga, ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa allon.

"Wa ya taɓa min kwamfuta?" ya ce bai juyo ba. "Na zo na tarar da ita kamar dare."

Na tuna kofin shayin jiya. Na tuna tun yaushe rabon da in ga Baba ya karanta saƙo da kansa, kullum sai "Uwata, duba min, hannuna da aiki." Na kori tunanin kamar ƙuda. Mutumin da yake hango kwalliyar da ta zarce gefen idon amarya tun daga bakin ƙofa? Haba.

Injiniya ya ce yana da na'urar auna allo, maigidansa zai ba shi aro. In Baba ya yarda ya zo ya auna, magana ta ƙare, ko laifinsa ne ko na allo. Kwana biyu ina juya yadda zan faɗa. Da na faɗa, Baba ya yi wata 'yar dariya ba daɗi.

"Na'ura za ta koya min launi? To ya zo. Gani ya kori ji. Ki gaya wa Gwaggonki ma ta zo ta zama shaida, kada gobe a ce na zalunci yaro."

Laraba da la'asar sakaliya ya iso. Sau uku na sauya kaya, daga ƙarshe na tsaya a kan doguwar riga ruwan ƙasa da ɗan siririn mayafi, don kada Gwaggo ta ce na yi kwalliya. Duk da haka sai da ta ce, "Yau turaren har titi." Shi kuma ya sa riga mai dogon hannu ruwan toka, an goge ta har tana tsayuwa da kanta, da 'yar jaka baƙa a kafaɗa. Ya rusuna ya gaishe da Baba, ya gaishe da Gwaggo.

"Kai ne mai ƙona hotuna?" in ji Gwaggo.

"Ni ne ake zargi, Gwaggo."

"Ka ji shi, har ya iya Gwaggo. Ba a ba ka ba tukuna, ɗan nan."

Muka dunguma ɗakin ciki mu huɗu, ɗakin da mutum biyu ma sai sun yi haƙuri da juna. Baba ya zauna a kujerarsa ya harɗe hannu. Gwaggo ta sa aka kawo mata kujerar roba ta toshe ƙofa. Ni na maƙale a jikin bango.

"Baba, in ka yarda zan kashe wannan ƙwan," in ji Injiniya, yana nuna ƙwan lantarkin da ke saman tebur. "Haskensa rawaya ne, yana rina duk abin da ke ɗakin."

"Ƙwan ma ya yi laifi?"

"Bai yi ba. Shaida ne dai da ba a yarda da shi ba."

Gwaggo ta ƙyalƙyale. Baba bai yi dariya ba, amma ya ɗaga hannu alamar a kashe.

Injiniya ya saki labule. Ya fito da wata 'yar fitila mai farin haske irin na hantsi ya kafa a gefen tebur. Ya tambayi tun yaushe allon yake kunne, na ce tun azahar, ya ce madalla, don sai ya ɗumama launinsa yake zama. Ya goge fuskar allon da wani lallausan ƙyalle, a hankali, kusurwa-kusurwa. Na ga Baba yana bin hannunsa da kallo. Ya san mai aiki in ya gan shi, ko da bai so ba.

Sai Injiniya ya ciro na'urar. 'Yar aba ce kamar sabulun wanka, baƙa, da doguwar igiya. Ya soka igiyar a jikin kwamfuta, ya ɗan kwantar da allon baya, ya rataya ta ta sama har ta kwanta a tsakiyarsa.

"Oh ni 'yasu," in ji Gwaggo, "likita ya zo awon ƙirji. Allo, ja numfashi!"

Allon ya fara sauya launi shi kaɗai. Ja. Kore. Shuɗi. Fari. Sai toka-toka iri-iri, daga mai haske har zuwa baƙi. Kowane launi ya wanke mana fuska ya wuce. Injiniya ya yi bayani ƙasa-ƙasa, Baba yake yi wa, ba mu ba: kwamfuta tana cewa allo ya nuna ja kaza, na'urar tana duba ko jan da ya nuna ke nan, in ya kauce ta rubuta yawan kaucewar, a ƙarshe a gyara masa. Can ta nemi a rage haske. Ya dinga danna maɓallin, ɗari, tamanin, sittin, har talatin da biyar, kafin wata alama ta koma kore.

"Shi ke nan," ya ce. Ya sauke na'urar. "A buɗe hoton Malama."

Na miƙa hannu ta kan kafaɗar Baba na buɗe. Injiniya ya ɗauko wanda aka wanke, ya jingina shi kusa da allon, ya haska shi da farar fitilar.

Jama'a, kamar an tsaga kara. Duhun nan, tokar nan, rigar nan mai shuni-shuni. Abin da ke takarda shi ne a allo, ba bambancin ko ƙwayar zarra.

"La ilaha!" in ji Gwaggo. "Ai tagwaye ne. Ashe yaron nan..."

"Ka kashe min allo ne kawai," Baba ya katse ta. Ya matso da fuska. "Duhu kam na yarda, tunda ka rage haske dole ya yi duhu. Amma shunin da kuke ta faɗa, ina yake? Ga riga fara tas. A nan fara, a takarda fara. Tun ranar da Malama ta faɗa nake dubawa, ban ga wani shuɗi ba."



Rigar shuɗiya ce. Ko yaron goye zai ce shuɗiya ce.

Na dubi Injiniya. Ba allon yake kallo ba, idon Baba yake kallo, ta gefe, inda farar fitilar ta haska su. Ni ma na duba. A tsakiyar baƙin idon akwai wani hazo-hazo, kamar an hura numfashi a jikin gilashi. Kullum ina gaban mutumin nan, kullum ina miƙa masa shayi, ban taɓa gani ba. Ko kuwa na gani na ƙi gani.

Gwaggo ta buɗe baki. Na san Gwaggona. In maganar nan ta fito daga bakinta, kafin magariba ta kai bakin tasha: idon Mai Hoto ya mutu. Kuma a gaban wa? A gaban wanda ya kira maci amana. Injiniya kalma ɗaya kawai yake buƙata ya wanke kansa tas.

"Laifin allon ne, Baba," ya ce, kafin Gwaggo ta sami numfashi. "In allo ya tsufa yakan ja zuwa rawaya, haskensa ya raunana. Mai gyara sai ya ƙara haske, ya ƙara shuɗi, bai sani ba. Kuma wanda ya daɗe yana kallonsa idonsa yakan saba, sai ya kwana biyu kafin ya dawo daidai. Ni ma da laifina. Wata huɗu ina ganin hotuna suna zuwa haka, ban ɗaga waya na yi magana ba. A yafe min."

Gwaggo ta rufe bakinta, ta sake buɗewa. "To ai sai a sayi sabo. Kai ma da maƙo, ƙanena."



"Akwai wata hanya da muke bi a wurinmu," Injiniya ya ci gaba, kamar ba abin da ya faru. "Ba ma yarda da ido shi kaɗai, ko na waye. In aka ɗora kibiyar nan a kan abin da aka san fari ne, lambobi uku za su fito a ƙasa: ja, kore, shuɗi. In fari ne na gaskiya, za su yi kusan daidai." Ya ɗora kibiyar a kan rigar marigayin. Lambobin ƙanana ne kamar tururuwa. Bai ce Baba ya karanta ba. Ni ya duba. "Ko za ki karanto mana?"

Na share maƙogwaro. "Ja, ɗari da casa'in. Kore, ɗari da casa'in da huɗu. Shuɗi... ɗari biyu da ashirin da biyar."

"Shuɗi ya yi gaba da talatin," in ji Baba a hankali, kamar mai magana da kansa.

"Sai a ja shi baya. Amma lamba riga kawai ta sani, Baba. Ba ta san mutumin ba. Ni ban taɓa ganinsa ba. Yaya fatarsa take?"

Baba ya warware hannuwansa ya kama linzamin kwamfutar.

"Ba baƙi ba ne, ba fari ba," ya ce. "Kamar shayin da aka ɗiga wa madara kaɗan. Goshinsa yana da sheƙi, don kullum yana sunkuye a ƙarƙashin fitila. Nan gefen hancinsa akwai wani ɗan ja, inda gilashin duba agogo yake zama. Ranar da na ɗauki hoton nan sai da na ce masa ya daina ɓata rai kamar wanda agogo ya ci bashinsa, shi ne ya yi wannan murmushin." Ya ja wani abu a allon. "Uwata, nawa yanzu?"

"Ɗari biyu da goma."

"Yanzu fa?"

"Ɗari da casa'in da takwas."

"Yanzu ƙara hasken hoton, Baba, ba na allo ba," in ji Injiniya. "Rigar ta kai wajen ɗari biyu da talatin da biyar."

Haka muka yi ta yi. Baba yana ja, ina karantawa, Injiniya yana cewa "kaɗan kuma" ko "ya isa". A gaban idona mai gyaran agogo ya fito daga cikin toka. Jini ya dawo masa fuska. Har ɗan jan nan na gefen hanci ya bayyana, daidai inda Baba ya ce. Gwaggo da ba ta iya minti biyu shiru ta sa gefen mayafi tana share ido.

"Allah ya jiƙanka," ta ce. "Kamar zai ce min agogona ya gyaru."

Injiniya ya kwashi hoton a 'yar ma'ajiyarsa ta kwamfuta, ya ce da safe zai wanke da hannunsa ya aiko. Ya naɗe igiyar na'urarsa. Fitilar kuwa ya bar ta a kan tebur, ya ce aro ne, ba gaggawa. Ya yi sallama. Baba ya amsa da "Madalla" guda ɗaya, ko kallonsa bai yi ba. Gwaggo ta bi shi har bakin titi tana tambayarsa su waye iyayensa, ɗaki nawa ne a gidansu.

Na dawo ɗakin ciki in kwashe kujerar roba. Baba yana nan inda muka bar shi.

"Rufe ƙofar, Uwata."

Na rufe.

"Allon nan bara waccan na saye shi, sabo a kwali. Ke kika riƙe min ƙofa aka shigo da shi."

"Haka ne, Baba."

"Bai tsufa ba. Na sani, shi ma ya sani. Shekarar da aka ƙera shi tana rubuce a bayansa, na ga lokacin da ya leƙa." Ya juyo. "Yaron nan ya dubi tsabar idona ya yi min ƙarya a gaban yayata."

Na durƙusa a gefen kujerarsa. "Baba, ba da mugun nufi..."

"Na ce miki da mugun nufi ne?" Ya ɗora hannu a kaina, abin da rabonsa da yi tun ina firamare. "Wata bakwai ke nan. Da farko kamar hayaƙi, na ce gajiya ce. Sai farar takarda ta koma min kamar tsohuwar jarida. Ko Innarki ban gaya wa ba. Kullum in na kwanta sai in ce, in idon nan ya tafi, me na bar wa yarinyar nan? Kyamara ba ido? Shi ya sa da aka ce masu wanki ne, na kama da hannu biyu. Laifi tudu ne. Na taka nawa, na hango na yaron mutane."

Hawaye suka ɓalle min. "Me ya sa ba ka faɗa min ba? Ana yin aikinsa fa, Baba. Mutane nawa aka yi wa suka warke?"

"Tsoro, Uwata. Babba ma yana jin tsoro, ɓoyewa kawai ya fi ki iyawa." Ya share min fuska da babban yatsansa, ya ɗan kauce, ya shafo kunnena. Muka yi dariya tare, irin dariyar da ke fita da majina. Sai ya miƙo hannu. "Kira min shi."

Na danna, na miƙa masa. Ya kawo wayar daf da idonsa, ya ƙanƙance su.

"Wankin Hoto... biyu?" Ya dube ni ta saman wayar. "Wannan kam na gani."

Na so ƙasa ta tsage. Kafin in sami abin cewa an ɗauka, ina jiyo muryarsa daga nesa, da ƙarar motoci a bayansa: "Kin ga, ki kwantar da hankalinki, ni ban..."

"Ba ita ba ce. Ni ne."

Ina jin har motocin sun tsaya.

"Gobe in ka wanke hoton, kada ka aiko, ka kawo da kanka. Mu biyu za mu kai wa Malama. Daga can ka raka ni asibitin ido, tunda kai ka fara ganin abin." Ya saurara. "A'a, ban da ita. Ita za ta tsare shago." Ya sake saurarawa. "Ban ce na yarda ba, kada ka yi saurin godiya. Mutumin da ya iya ƙarya lafiya lau haka, sai na zauna da shi na ji sau nawa yake yi a shekara."

Ya kashe ya miƙo min wayar. Ya tashi, ya lalubi makunnin farar fitilar, bai same shi ba sai da na kama hannunsa na ɗora a kai.

"Baba," na ce, "me za ku tattauna a hanyar?"

Ya tsaya a bakin ƙofa, bayansa gare ni.

"In likita ya ce aiki za a yi, za su rufe min ido da bandeji, kuma ba wanda ya san abin da zan tarar in an buɗe sai Allah. Akwai abu ɗaya da nake son in gani da idona kafin ranar."

"Mene ne?"

"Shi zan gaya wa," in ji Baba. Ya buɗe ƙofa ya shiga gida, yana kiran Inna ta zo ta zauna, yana da magana da ita.